Ɗanyen Ƙwan Chebo

A Falfurrias, can kudancin Texas, ba a taɓa ganin Doña Herlinda Olivares ta fasa ƙwai ta tsakiya ba. Ko sauri take yi, ko mai ya yi zafi har yana hayaƙi a kasko, sai ta ɗauki ƙwan ta juya tsininsa sama, ta ƙwanƙwasa shi da bayan cokali, ta ɓantare ɗan wuri kamar faɗin farce, sannan ta yi ta girgizawa har gwaiduwar ta haƙura ta fito. Ɓawon kuwa ta ɗauraye shi, ta kife a kiret a bakin taga. Haka take yi tun daga washegarin Ista har wata Istar ta zagayo. 'Ya'yanta sun tashi ba su san akwai wata hanyar fasa ƙwai ba. Babbar cikinsu, Graciela, da ta tafi makarantar koyon jinya ta ga wadda suke kwana ɗaki ɗaya ta buga ƙwai a bakin kasko ta raba shi biyu ta wurga ɓawon a shara, sai da ta daka mata tsawa kafin ta tuna ba a gidansu take ba.

Ɓawon nan shi ake yin kaskaron da shi. A rina shi, a ɗura masa yankakkiyar takarda mai launi, a liƙe bakin da 'yar takarda shara-shara, a ajiye. Ranar Lahadin Ista, in an fito daga coci an tafi filin shaƙatawa da kujeru da gawayi da nama, sai a yi ta bin juna ana fasawa a ka. Jika ya fasa wa kaka, amarya ta fasa wa uwar miji, wanda kuka yi watanni ba kwa ga maciji ma ranar yake samun hanyar da zai taɓa ka. Wanda yamma ta yi masa kansa fes, to, ya koma gida ya binciki zamansa da mutane.

Herlinda a bayan babbar mota ta tashi, cikin iyalan da ke bin girbi daga gona zuwa gona, auduga nan, albasa can, in zafi ya tsananta a nausa arewa tsinkar 'ya'yan itace. Komai nasu a buhu yake, sai wata tukunya ɗaya da uwarta ba ta yarda kowa ya zauna a kai, domin a ciki take jera ɓawon ƙwai tsakanin tsummoki. Rinin da ɓawon albasa suke yi da zoɓo, gam ɗin kullun fulawa ne, takardar kuwa tsohuwar jarida ce da yara ke yankawa da almakashi guda ana ta faɗa a kansa. Da ta girma ta samu aiki a kicin ɗin makarantar firamare, inda ta ciyar da rabin garin tun suna da majina a hanci, tana kuma fita da ɓawo a jaka kowace yamma. Ranar da aka fara kawo musu ƙwai a kwali, ruwa tsululu babu ɓawo, ta ce wanda ya ƙirƙiro wannan abu bai taɓa yin ƙuruciya ba. Har ta yi ritaya ba ta yafe masa ba.

Mace ce gajera, mai faɗa, mai kyauta, kuma ba a yi mata musu a kicin. In ta ba ka alawar madararta, wadda take tuƙawa a tsaye har kafaɗa ta yi tsami, to ka ci a gabanta, ka kuma yaba yadda za ta ji. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa jin tsoronta ba, shi kuma ta aura.

Eusebio, wanda kowa ke kira Chebo, mai gyaran famfunan rijiya ne a gonakin kiwon shanu, dogo, siriri, bakinsa ba ya hutawa. A wata Ista suka haɗu tana budurwa, ta sha sabon gyaran gashi da farar rigar da ta aro daga 'yar uwarta. Ya lallaɓo ta baya ya fasa mata wani shuɗin ƙwai a ka, sai ga gwaiduwa tana bin wuyanta. Ɗanye ne. Ya yi ta rantsuwa kuskure ne, kuma har gobe babu wanda ya yarda. Ta bi shi da takalmi a hannu har bakin titi. Shi kuma da yamma ya zo ƙofar gidansu da sabulu a naɗe cikin takarda yana neman gafara, washegari ya dawo wai ya ji ko sabulun ya yi aiki, jibi ma ya samo wani dalilin. Kafin ta amsa masa aure sai da ta kafa sharaɗi a gaban mutane: ranar da ya sake fasa mata ɗanyen ƙwai, ranar za ta koma gidan uwarta.

Ya riƙe alkawarin, amma a kanta kaɗai. Sauran dangi sun shiga uku. Kowace shekara sai an samu ɗanyen ƙwai guda, rinanne tsaf, da 'yar takardarsa liƙe a ka kamar na kirki, ya kutsa cikin sauran. Herlinda takan ɗaga kowane ɗaya ta auna a tafin hannu kafin ta rufe kiret, ta caje aljihun Chebo a bakin mota kamar an kama ɓarawo, duk a banza. Ya taɓa ɓoye shi a cikin takalmin jariri, ya taɓa ba Fadan cocinsu ya riƙe masa. Yawanci ƙaninta Nicanor ne ke shan sa, har ta kai Nicanor ya ware wata tsohuwar riga ta ranar Ista kawai. Ita kuwa duk shekara sai ta yi masifa har muryarta ta dushe, ta ce tsoho da jikoki ba ya jin kunya, shi kuma ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana riƙe ciki.

A watan Oktoban da ya wuce Chebo ya faɗi a gindin wata rijiya. Jini ne ya zuba a cikin kansa. Aka garzaya da shi asibiti a birnin Corpus Christi, aka buɗe kan, aka ɗinke. Ya dawo gida da tabo kamar lauje daga goshi zuwa bayan kunne, hannun dama a lanƙwashe a cinya, ƙafa tana ja, magana kuma sai ɗai-ɗai, yana nema yana hutawa. Wannan duk Herlinda ta ɗauka. Ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta haddace sunayen magunguna. Abin da ya tsaya mata a rai wata magana ce da likitan ya faɗa mata a tsaye a bakin ƙofa, cewa wasu jikinsu kan dawo amma halinsu ba ya dawowa, sai ka ga mutum kamar shi alhali ba shi ba ne. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Graciela. Ta zuba ido kawai.

Abin da ta gani bai kwantar mata da hankali ba. Mutumin da ba ya iya shan kofi bai tsokane ta ba, yanzu sai ya karɓa ya ce, "Na gode." Ta gyara masa matashi, "Na gode." Wata safiya ta bar masa tortiya, gurasarsu ta masara, a kasko da gangan har ta ƙone ƙurmus, ta miƙa masa, ya cinye bai ce uffan ba. Wannan "na gode" ta fi zagi yi mata ciwo. Tsoro take ji, tsoro ƙwarai, kada a ce Chebo ya tafi tun a gindin rijiyar nan, an bar ta tana jinyar wani baƙo mai ladabi.

Da yake ita in ta ji tsoro faɗa yake zama mata, sai ta shiga kafa dokoki. Ba gudu a gidan, ba ihu, ba a sakin ƙofa ta bugu. Kan Chebo kuwa ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai ba. A ɗaki hula, a waje hula. Jikokin da a da suke hawansa kamar bishiya suka koma gaishe shi daga bakin ƙofa, su ajiye gaisuwar su gudu.

Da azumin gabanin Ista ya kama, aka sauko da kiret-kiret daga saman kabad, aka janyo na ƙarƙashin gado. Noemi, 'yar Graciela, wadda ke aji biyu, ita ke zuwa kullum in an tashi daga makaranta, domin uwarta tana wurin aiki sai yamma. Yarinya ce mai giɓi a gaba da tambaya ba iyaka. Herlinda ta shimfiɗa jarida a tebur, ta jera kofunan rini, ta nuna mata yadda ake danna ɓawon da cokali har ya sha ruwa ya nutse, da yadda ake kife shi ya tsane ba tare da yatsa ya bar shaida ba.

"Wela, me ya sa ba za mu sayo na shago ba?" in ji Noemi, domin haka jikokin ke kiran kakarsu, shi kuma Welo. "Na ga an jera su, har da masu ƙyalli."

"Na shago? Wanda rabin cikinsa iska ce? Uwarki ce ta turo ki ki faɗa min haka?"

"A'a."

"To riƙe cokalinki da kyau. Ƙwai na ce ki rina, ba hannu ba, ga shi kin koma koriya kamar kwaɗo."

"Wela, ke ma haɓarki ta yi ja."

"Tawa ado ce."

Matar da ke zuwa tana koya wa Chebo motsa jiki ta ce a riƙa ba hannun daman aiki. Sai Herlinda ta tura Noemi baranda wurin kakanta da tsofaffin takardun naɗe kyauta da abin huda takarda. Yarinyar ta riƙe takardar, shi ya danna, 'yan ƙananan da'irori su zuba a kwano. Herlinda tana leƙensu ta taga tana tuƙa alawa. Wani lokaci takan ga kawunansu sun haɗu, amma da ta fito da kofi sai yarinyar ta gyara zama ta duƙufa a kan takarda.

"Me kuke cewa?"

"Ba komai, Wela. Welo ne ya ce in ƙaro ja."

"Na gode," in ji Chebo, ya karɓi kofin da hagu.

Wata rana lemun tsami ya ɓace mata daga kwando, ta gan shi a baranda ya yi laushi, ta ɗauka wasan yara ne. Wata rana kuma Noemi ta tambaye ta ko kajin maƙwabciyarsu Doña Cuca suna yin ƙwai ranar Asabar, ko su ma hutu suke yi. Herlinda ta ce kaza ba ta san Asabar ba, ta ci gaba da yanka alawa. Hankalinta yana wani wuri.

Ranar Alhamis ɗin makon Ista ta yi abin da in an gaya mata bara za ta ce sharri ne. Graciela ta zo ta ɗauki Noemi sun tafi, kofunan rini suna nan a tebur, Chebo yana zaune a gefe. Herlinda ta buɗe firji ta ɗauko ƙwai lafiyayye, ta ajiye shi dab da kofin shuɗi, kusa da hannunsa mai lafiya, ga gam ga takarda. Ta ce za ta je ta kwashe shanya. Ta daɗe a bayan gida. Ta ninke abin da ba ya buƙatar ninki, ta cire ciyawa, har da karen maƙwabta ta tsaya yi wa magana. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana cajin aljihu, ga ta tsaye tana roƙon Allah a yi mata sata.

Da ta dawo ƙwan yana nan inda ta bar shi, fari fat. Chebo ya dube shi, ya dube ta, ya turo mata shi da yatsa a hankali.

"Firji," ya ce. "Zai... lalace."

Ta mayar da shi firji. Ta koma bayan gida, wannan karon babu shanyar da za ta fake da ita, ta tsaya a gindin igiya ta yi kukan da ko a asibiti ba ta yi ba. Daga nan ta wanke fuska a famfo, ta ce wa kanta shi ke nan, wanda aka bar mata shi za ta riƙe, kuma za ta riƙe shi da kyau.

Ranar Asabar ta je aka gyara mata gashi, aka tayar da shi, aka fesa masa abin da ke sa ya tsaya kamar kwando, domin ko duniya za ta tashi Herlinda ba ta shiga coci ranar Ista da kai a yamutse. Lahadi bayan an fito, dangi suka hallara a filin, a inuwar da 'ya'yan Nicanor suka kama tun da safe. Aka hura gawayi, aka baza nama, aka jera shinkafa da wake da farantan alawa. Chebo aka zaunar da shi a kujera mai ninkewa a gindin bishiya, hula a ka, ɗan bargo a cinya ya rufe hannun daman duk da zafin da ake yi. Shi ya nemi bargon tun a gida, Noemi ta ɗauko masa, ita ta kuma gyara masa shi.

Nicanor ya zo ya rankwafa ya gaishe shi da ƙarfi kamar mai magana da kurma.

"Suruki! Jiki ya yi kyau. Ka gane ni kuwa?"

"Kunnensa lafiya lau, Nicanor, kai ne dai kanka ba daidai ba," in ji Herlinda. Sai ta lura da rigar da ke jikinsa, tsohuwar nan mai dabbare-dabbaren gwaiduwar shekaru. "Wannan kuma fa?"

Nicanor ya sosa ƙeya. "Na ce ko da dai... ai ba a sani ba, Yaya."

"Je ka duba namanka kafin ka ba mu gawayi," ta ce, ta juya da sauri don kada ya ga idonta.

Kafin a buɗe kiret ta tara yara da manya ta karanta musu doka. Kowa a fasa masa, har Fada in ya biyo, amma duk wanda ya kusanci kan Welo da ƙwai, ita da shi ne. Ta ja layi da ƙafa a ƙasa ta kewaye kujerarsa. Yara suka ce to.

Aka ɓarke. Ƙanana suka bi manya, manya suka bi juna, wata sabuwar amarya ta fasa wa uwar mijinta biyu a jere ta ce hannunta ne ya suɓuce. Wani jika ya hau tebur don ya kai kan ubansa, ya taka wake. Ita Herlinda a kan akwatin ƙanƙara ta zauna tana rabo, tana tsawa, kuma yaran sun san dokar gashinta: a murƙushe a hannu a yayyafa mata daga sama, ba a bugawa. Nicanor yana juya nama yana waiwaye, duk wanda ya gifta ta bayansa sai ya noƙe wuya. Babu abin da ya sauka masa sai takarda.

Can da rana ta yi sanyi, kiret sun kusa ƙarewa, Graciela ta zo ta tsaya kusa da uwarta tana kakkaɓe takarda daga kunne.

"Ama, dubi Apa," ta ce, domin haka 'ya'yan ke kiran uwarsu da ubansu.

"Me ya same shi? Ya sha maganinsa."

"Ki dai dube shi."

Ta duba. Filin gaba ɗaya ya koma ja da kore da rawaya, har karnuka, har jaririn da ke barci, har naman da ya rage a faranti. Wuri ɗaya ne fes, da'irar da ta shata, da tsohon da ke zaune a tsakiyarta da hularsa a daidaice, yana kallon jikokinsa daga nesa kamar wanda ya zo rakiya. A garin nan kowa ya san abin da kai mai tsabta yake nufi ranar Ista, kuma ita ce ta yi masa. Kunya ta kama ta.

"Ƙashin kansa ya haɗe tuntuni, Ama," in ji Graciela. "Likita ya faɗa, ni ma na faɗa miki. Ɓawon ƙwai ne fa, ba guduma ba."

"Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

"Ke ce. Shi ya sa nake faɗa a hankali."

Herlinda ta zaɓi wani ja, rinin zoɓo irin na uwarta, ta miƙe, ta tsallake layin da ta ja da ƙafarta. Waɗanda suka gani suka taɓa na kusa da su, hayaniyar ta ragu.

"Tsoho, cire hular nan."

Ya ɗago ya dube ta. Ta cire masa da kanta. Gashin ya tsiro fari-fari, tabon yana nan a ƙarƙashinsa. Ba ta iya buga masa ba. Ta ɗaga ƙwan sama da kansa ta murƙushe shi a tafinta, takardun da shi da Noemi suka huda suka zubo masa a ka, a gira, a kan tabon. Ya rufe ido har suka gama sauka.

Leɓensa ya motsa, ba ta ji ba.

"Me ka ce? Da zafi?"

"Matso," ya ce. "Sunkuyo."

Ta sunkuya, ta kai kunnenta kusa da bakinsa. Sai ta ga bargon ya motsa. Hannun daman nan, wanda take wankewa tana shafa wa mai kamar na jariri, ya fito a hankali yana karkarwa, yatsun a naɗe da wani abu shuɗi. Ta gan shi sarai. Da ta so kaucewa da ta kauce, har ta je ta sha ruwa ta dawo, domin hannun ya daɗe a hanya. Ba ta motsa ba. Ya kai shi tsakiyar kanta ya danna, bai fashe ba. Ya cije leɓe, ya tattaro abin da yake da shi, ya sake dannawa.

Ɗumi ta fara ji, domin ƙwan ya wuni a tafin hannunsa. Ya ratsa kwandon gashin nan, ya gangaro ta bayan kunne, ya shige wuyan rigar coci.

Nicanor ya tsaya da yankan nama a sama ya manta inda zai kai shi. Kowa ya san sharaɗin, har sabuwar amaryar an ba ta labari. Noemi ta laɓe a bayan uwarta, amma bakinta ya kasa haƙuri.

"Na kajin Doña Cuca ne, Wela. Jiya na karɓo, muka rina shi. Welo ya ce kar in faɗa. Da lemun tsami muka yi ta gwaji har ya daina faɗuwa."

Herlinda ba ta waiwaya ba, Chebo take kallo. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya tafi sama, ido ya ƙanƙance, fuskar nan ta marar kunya da ya zo mata da ita ƙofar gida da sabulu a hannu.

"To," ya ce. "Sai... gidan uwarki."

Gidan uwarta an rushe shi tun kafin a haifi Noemi, wurin facin taya ne yanzu. Herlinda ta buɗe baki za ta yi masifa, masifar ta ƙi zuwa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa a gaban kujerarsa, da rigar coci da komai. Nauyin da ta ɗauka tun Oktoba ya sauka daga ƙirjinta, ta ja numfashi ta ji ya kai har ƙasan ciki. Shi ne. Bai je ko'ina ba.

"Na ajiye maka ɗaya a tebur ranar Alhamis," ta ce. "Ka sa na je bayan gida ina kuka kamar wata yarinya."

"Na gani." Ya huta, ya nemo sauran maganar. "Wancan... na tausayi ne. Ba na so."

"To 'na gode' ɗin nan da ka ishe ni da ita fa?"

"Kin gaji," ya ce. "Na ce... ki huta."

"Wa ya ce maka hutu nake so?"

Sai kuma ya ɗan karkato.

"Tortiyar nan... ta ƙone."

"Na sani, tsohon banza, ai ni na ƙona ta."

A nan dariya ta kufce mata, haɗe da hawaye da gwaiduwa, filin kuma ya ɗauka gaba ɗaya. Nicanor ya jefar da naman yana cewa shi fa an cuce shi, ya sha zafi cikin wannan tsumma tun safe a banza. Yara suka ga babu mai tsaron layi, suka kwashi abin da ya rage a kiret suka yi kan Welo, suna hawan kujerar har tana ƙara. Herlinda ta ce a yi a hankali, sau ɗaya, babu wanda ya ji, ita ma ba ta maimaita ba.

Graciela ta kawo tawul da ruwa a kofi. Herlinda ta ture su ta ce a bar shi tukuna. Ta kamo hannun daman, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana tsince ɓarɓashin shuɗin ɓawo daga tafin.

"Dubi yadda ka fasa shi," ta ce. "Ta tsakiya. Ɓawo mai kyau ka ɓata mana."

"Baɗi," in ji Chebo.

Tun Oktoba ba a furta wannan kalma a gidansu ba. Herlinda ta share hanci da bayan hannu.

"Baɗi har takalminka sai na caje," ta ce.

Yatsunsa suka naɗe a kan nata, da danƙon ƙwai da komai, suka matsa da ɗan ƙarfin da suke da shi. Ba ta zare ba.